Yadda Mai Tsananin Rama Zai Ƙara Nauyi Ba Tare Da Ya Cutar Da Kansa Ba

Tambayar nan ta daɗe tana maimaituwa, daga samari, da 'yan mata masu shirin aure, da iyayen da ɗansu ya tashi daga doguwar jinya duk ya zabge: me zan ci, ko me zan sha, in yi ƙiba? Yawancin masu tambayar sunan magani suke jira su ji. Ba zan ba da sunan maganin ƙiba ba, zan kuma faɗi dalili a inda ya dace. Abin da zan shimfiɗa shi ne hanyar da jiki yake gina tsoka ta gaskiya, da kayan da kowa zai iya samu a Tudun Hatsi da sauran kasuwannin Gombe. Tsarin na manya ne, daga shekara 18 zuwa sama. A bi shi a jere, domin wanda ya tsallake mataki na 2 ya faɗa na 5 zai iya ɓata kuɗinsa wata da watanni, ciwo kuma yana ci gaba da cin jikinsa.

Mataki na 1: Auna kanka, kada ka dogara da bakin mutane

Kana buƙatar sikeli, da tef irin na tela, da ƙaramin littafi. Idan babu sikeli a gida, galibi asibitin sha-ka-tafi yana da shi, wasu kemis ma suna ajiyewa. Ka hau da safe, bayan ka zaga, kafin ka karya, ba takalmi ba babbar riga. Tsayi kuma ka jingina da bango, wani ya sa alama a saman kanka, a auna daga ƙasa.

Lissafin da likitoci ke kira BMI haka yake: ka ninka tsayinka na mita da kansa, sai ka raba nauyinka na kilo da abin da ya fito. Mai tsayin mita 1.65 da nauyin kilo 45, ninkin tsayinsa 2.72 ne, in an raba 45 da shi za a sami 16.5. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, ƙasa da 16 kuma rama ce mai tsanani. Don sauƙi: mai tsayin mita 1.55 yana buƙatar aƙalla kilo 44 da rabi, mai 1.60 kilo 47 da rabi, mai 1.70 kilo 53 da rabi, mai 1.75 kuma kusan kilo 57.

Idan lissafinka ya kai 18.5 ko ya wuce, kana da ƙarfinka, kuma haka 'yan gidanku suke, to siriri ne kai, ba mara lafiya ba. Gorin dangi ko na ƙawaye ba ya cikin alamomin ciwo.

Gargaɗi: wannan lissafi ba na yara ba ne. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 damtsensa ake aunawa da tef mai launi, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, tamowa ce, a kai shi asibiti a ranar. Abincin tamowa na leda da ake ba irin waɗannan yara kyauta ne kuma magani ne. Babba ya saye shi a kasuwa don neman ƙiba, cin haƙƙin yaron da aka tanadar wa ne.

Mataki na 2: Nemo abin da ya ramar da kai

Nan ne zuciyar al'amarin, nan kuma aka fi gudu. Mutum ba ya zubewa haka kawai. Idan da kana da jikinka, sai cikin wata 6 zuwa shekara ka rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinka ba tare da ka yi niyya ba, misali kilo 3 daga 60, to akwai abin da ke faruwa a ciki. Ciyar da jikin da ciwo ke ci ba tare da an magance ciwon ba, ɗibar ruwa ce da kwando.

Ka je asibiti ka faɗa wa likita kai tsaye cewa rama ce ta kawo ka. A cikin garin Gombe akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru, a ƙananan hukumomi kuma akwai manyan asibitoci irin na Kumo, Bajoga, Billiri da Kaltungo. Abubuwan da aka fi nema su ne waɗannan.

Tarin tibi. Tari na mako 2 ko fiye, zufar dare, zazzaɓin yamma, rashin son abinci. Gwajin majina da maganinsa na wata 6 kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati. Wani ma tarin ba ya damunsa sosai, ramar ce kawai ta fito fili.

Ƙanjamau. Gwajin ɗigon jini ne a yatsa, sakamako cikin 'yan mintoci, kuma gwajin da maganin duk kyauta ne a asibitocin gwamnati. Na san sunan kaɗai yana sa gaba faɗuwa, amma wanda ya fara magani ya riƙe shi, jikinsa yana dawowa, ya ci gaba da harkokinsa. Tsoron gwajin yana sa mutane jinkirin fara magani har ciwon ya ci ƙarfinsu.

Ciwon suga. Yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwa, ga ci ga rama. Gwajinsa na cikin mafi araha. Wannan ya zama dole a yi shi kafin a fara shirin ƙara nauyi, saboda mai suga da aka ɗora wa zuma da dabino da kunu mai zaƙi an jefa shi cikin haɗari.

Sai ciwon maƙoƙo mai sa bugun zuciya da rawar hannu da jin zafi, wanda mai shi yake ci sosai amma yana ƙara ramewa. Sai tsutsar ciki, da gyambon ciki, da gudawa mai daɗewa, da ƙarancin jini, da ciwon hanta ko ƙoda. Ga dattijai kuma a duba haƙori, domin tsohon da tauna ke yi masa wuya zai rage ci ba tare da ya gaya wa kowa ba, a kuma bar likita ya bincika ko akwai ciwon daji.

Akwai wanda gwaji ba ya nunawa, shi ne damuwa. Matar da aka yi wa rasuwa, ko mai jego da ba ta barci, ko saurayin da rashin aiki ya sa ya daina jin ɗanɗanon komai, duk ramarsu daga zuciya take. Akwai kuma wanda yake tsoron abinci da kansa, yana ganin ya yi ƙiba alhali ƙasusuwansa a waje suke. Waɗannan ciwo ne da ake magancewa, a faɗa wa likita ba tare da kunya ba. Tsawa da "ci mana" ba sa warkar da su.

Game da kuɗi: fara da na kyauta da masu araha, wato tibi, ƙanjamau, suga, yawan jini da gwajin bayan gida. Gwajin maƙoƙo da hoton ƙirji ko na ciki sun fi tsada, a bari sai likita ya ga buƙata.

Gargaɗi: masu sikila yawanci ba su da jiki, halittar ciwon ce. Za su amfana da abinci mai kyau, amma kada su sha maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe sai likitansu ya rubuta.

Mataki na 3: Rabu da ƙwayoyin ƙiba, amma ta hanyar da ta dace

Abin da ake ƙullawa a leda ko a zuba a kwalba da sunan maganin ƙiba, wanda wasu ke kira sha-ka-fashe, galibi abu biyu ne. Na farko shi ne wanda za ka ga an rubuta Dexamethasone ko Prednisolone a kwalinsa. Magani ne mai ƙarfi na asma da kumburin gaɓoɓi da makamantansu. Idan mai lafiya ya daɗe yana sha, jiki yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki da ƙeya, hannuwa da ƙafafu kuma suna ƙara sirancewa domin tsoka yake narkarwa. Daga nan sai hawan jini, suga, gyambon ciki, raunin ƙashi, nankarwa a fata, da rikicewar al'ada. Yana kuma kwantar da garkuwar jiki, ta yadda tibin da ke ɓoye zai iya tashi da ƙarfinsa. Ka duba fa, mutum ya rame saboda tibi, sai ya sha abin da ke buɗe wa tibin hanya.

Na biyu shi ne Cyproheptadine, wanda ake samu a Periactin da Apetamin da ire-irensu. Maganin ƙaiƙayi da mura ne mai buɗe ciki da sa barci mai nauyi, kuma an sami waɗanda ya taɓa wa hanta. Ga mai tuƙa Keke Napep ko babur, barcin kaɗai ya isa haɗari.

Gargaɗi mai muhimmanci: idan ka shafe makonni kana shan deksa, wato Dexamethasone, ko ɗan'uwansa kullum, kada ka yanke shi rana ɗaya. Jikinka ya rage yin nasa sinadarin saboda ya saba da na waje, yankewa farat ɗaya na iya kawo amai, jiri, faɗuwar jini har suma. Ɗauki kwalin ko ledar ka kai wa likita, shi zai tsara maka yadda za a rage a hankali.

Ga iyaye mata da yayyen amarya: ba a fafe gora ranar tafiya. Jikin da ake so a gani ranar biki, in ta abinci za a neme shi, watanni yake buƙata. Wanda ya fito cikin mako 3 kumburi ne, kuma ita za a bari da jinyarsa a ɗakinta.

Mataki na 4: Makon farko, a shiga da sannu

Wannan mataki na masu tsananin rama ne. Idan lissafinka ƙasa da 16 yake, ko ka yi kwanaki 10 ko fiye kusan ba ka cin komai, ko ka zube sosai cikin 'yan watanni, to kada a tara maka abinci a ce ka cinye. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, in aka cika shi da tuwo da zaƙi lokaci guda, wasu gishirin jini da zuciya ke aiki da su suna faɗuwa ƙasa, har ta kai ga kumburi, sarƙewar numfashi, ruɗewa ko tsayawar zuciya. Irin wannan mutum a asibiti ya kamata ya fara, inda za a riƙa auna jininsa.

Wanda bai kai haka ba, ya fara da rabin kwanon da ya saba gani a gaban mutane, sau 5 ko 6 a rana: kunun gyaɗa mara zaƙi sosai, kindirmo, fate, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi da miyar kuka. Duk bayan kwana 2 ko 3 a ƙara kaɗan. Idan ƙafafu suka kumbura ko zuciya ta riƙa bugawa da sauri, a koma asibiti.

Mataki na 5: Tsara cin yini da ƙarin da ake buƙata

Abin da ake nema shi ne ƙarin kalori 300 zuwa 500 a kan abin da jiki ke ƙonawa kullum, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Da wannan ake samun kwata zuwa rabin kilo a mako. Mutumin da muka yi misali da shi, mai kilo 45, yana buƙatar ya haura 50, wato aikin wata 3 zuwa 5 ne in komai ya tafi daidai.

Mai rama cikinsa ba ya ɗaukar abinci da yawa, don haka dabarar ita ce a ƙara wa ƙaramin kwano nauyi. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan kalori 120 ne. Cikin tafin hannu na soyayyiyar gyaɗa kusan 170. Ƙwai ɗaya kusan 75. Ayaba ɗaya kusan 100. Cokali 3 na garin madara mai maiƙo kusan 120. Ka ga ke nan gyaɗa hannu ɗaya, da ƙwai 2, da cokalin mai a kan wake, sun haura 400 ba tare da ka ƙara ko malmala ɗaya ba.

Ga yadda yini zai iya kasancewa. Bayan sallar asuba, kunu mai kauri da ƙosai ko alale. Da hantsi, gyaɗa ko kantun riɗi da ayaba. Da rana, shinkafa da wake da mai, a yanka dafaffen ƙwai ko a sa kifi, ko ɗanwake da ƙwai. Bayan la'asar, fura da kindirmo, ko awara. Da dare, tuwo da miya mai gyaɗa ko agushi, da zogale ko alayyahu a ciki. Kafin kwanciya, kofin madara ko kunu. Ka ɗaura cin da lokutan salla ko ka sa ƙararrawa a waya, kada ka jira yunwa, domin mai rama yunwarsa ba ta kiran sa a kan lokaci.

A kowane babban ci a sami abin gina tsoka: wake, waken suya, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ƙwai, kifi, nono ko nama. Ba sai nama kullum ba. Awara da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi suna yin aikin a kan kuɗi kaɗan, ɗanyen kifi kuma na zuwa daga Dadin Kowa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai, wanda wasu ke rainawa, yana cikin abinci mafi amfani a wannan shiri.

Gargaɗi: lemon kwalba da biskit da alawa suna cika ciki da suga, su kashe sha'awar abinci, ba su gina komai. Nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya ɗauke da tibin shanu da wani zazzaɓi mai daɗewa, ka saya wurin wadda ka san tana dafawa. Idan madara tana sa ka gudawa ko kumburin ciki, gwada kindirmo, ya fi sauƙi a ciki. Mai suga ko ciwon ƙoda kuma likita ne zai gyara masa wannan jadawali.

Mataki na 6: Haɗa garin kunu na gida

Wannan shi ne mafi araha a cikin duk abin da zan ambata, kuma ya fi garin gwangwani na kanti dacewa da aljihu. Awon shi ne 6, 3, 1: gwangwani 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara ko haɗinsu, gwangwani 3 na waken suya, gwangwani 1 na gyaɗa.

A tsince hatsin, a wanke, a shanya ya bushe sarai, a soya sama-sama. Waken suya a jiƙa shi ya kwana, a murje ɓawon, a wanke, a shanya, sannan a soya a wuta marar ƙarfi har ya yi ja, ƙarnin ya fita. A nan ake yawan kuskure: waken da bai soyu ba yana kumbura ciki, jiki kuma ba ya amfana da shi yadda ya kamata. Gyaɗa a soya a murje, a zubar da duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta yamushe ko take ɗaci, domin fumfunar gyaɗa tana da dafin da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi. In ana so a ƙara 'yar citta da kanumfari don ƙamshi. A kai inji a niƙa, a baza ya huce, a tankaɗe, a zuba a roba mai murfi.

Wajen damawa, cokali 4 manya a dama da ruwan sanyi, a zuba a tafasasshen ruwa, a bar shi ya dahu yana juyawa na 'yan mintoci. A sauke a sa cokalin mai ko man shanu, da cokali 2 na garin madara. Kofi ɗaya irin wannan ya kai kalori 400. Ya yi kauri, tsararon kunu ruwa ne kawai a ciki. Wannan awo na gwangwanin madara 10 yana kai mutum ɗaya kusan mako 2 in yana sha safe da dare. Kada a niƙa na watanni, man gyaɗar yana sa shi maƙaƙi. Amma ɗanyen kayan, wanda yake da hali ya saya da kaka, lokacin da gyaɗa da waken suya suka fi sauƙi.

Mataki na 7: Kawar da masu kashe sha'awar abinci

Sigari, shisha, goro da tiramol duk suna danne yunwa. Wanda yake yini da goro a baki ba zai ji kiran abinci ba. Shayi mai ƙarfi dab da cin abinci yana cika ciki, yana kuma rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe, a jinkirta shi zuwa awa ɗaya bayan ci. Ruwa ma a sha tsakanin ci da ci, kada a cika ciki da shi kafin a sa loma. Azumin nafila a dakata da shi har jiki ya dawo. Na Ramadan kuma, mara lafiya yana da rangwame a shari'a, a tambayi likita a tambayi malami.

Cin abinci cikin mutane yana taimakawa ƙwarai. Wanda aka kai wa kwano ɗaki shi kaɗai, sau da yawa kwanon yana dawowa yadda ya tafi.

Mataki na 8: Motsa jiki don abincin ya zama tsoka

Bayan ƙarfi ya fara dawowa, sau 2 ko 3 a mako a yi motsa jiki na ƙarfi: tsugunno da miƙewa, tura ƙasa da hannu ko tura bango ga mai rauni, ɗaga jarkar ruwa ta lita 5. Kowanne sau 8 zuwa 12, a huta, a maimaita. Dogon gudu da ƙwallo a rana suna ƙone abin da aka tara, a rage su a wannan lokaci. Manomi ko lebura ba ya buƙatar ƙarin motsi, ƙarin abinci yake buƙata, ya tafi aiki da gyaɗa da dabino a aljihu. Barci kuma kada ya gaza awa 7.

Mataki na 9: Bibiya

Ka hau sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, sikeli ɗaya, ka rubuta. Hawa kullum yana kawo fargaba, domin nauyi yana hawa da sauka da kilo guda saboda ruwa kawai. Idan mako 2 suka wuce babu motsi, ƙara kofin kunu ɗaya ko hannun gyaɗa a kan jadawalin. Idan wata guda ya cika kana bin tsarin da gaske amma babu ƙari, ko kana ci gaba da raguwa, koma wurin likita da littafinka a hannu, a sake bincike. Haka nan idan ka ga ƙarin kilo 2 ko 3 cikin 'yan kwanaki tare da kumburin ƙafa ko fuska, ruwa ne, a duba zuciya da ƙoda da hanta. Kada ka jira ranar da aka ba ka idan ka ga jini a majina ko a bayan gida, ko haɗiya ta yi wuya, ko amai ya ƙi tsayawa.

Lokacin da lissafinka ya shiga tsakanin 20 da 22, ka janye ƙarin man da kunun dare, ka bar wake, gyaɗa, ƙwai da motsa jikin a yadda suke, ka koma hawa sikeli sau ɗaya a wata.